Hannun Daman Chizuru

Tun tana ƙarama a shagon awarar babanta a Kanazawa, abu ɗaya Chizuru Hamabe ke tsoro: cin abinci ita kaɗai. Da ta shiga jami'a, har banɗaki takan ɓuya da ƙunshin shinkafarta don kada a ga ba ta da abokiyar zama. Wata 'yar ajinsu, Nodoka, ita ce ta fito da ita, ta ce, "Ke, fatalwa, zo ki cinye min kifin nan."

Shekara huɗu ke nan suna cin abinci tare. Sai ga Nodoka ta samu aiki a Tokyo, da sharaɗin ta kammala karatu a watan Maris.

A ajin Malam Kurahashi kowa na cike katin halarta. Duk ranar da Nodoka ta tafi ganawar neman aiki, Chizuru ke cike mata nata da hannun hagu, don rubutun ya bambanta. A darasin ƙarshe sai ta rubuta duka biyun da hannun dama. Ta ce wa kanta mantuwa ce. Amma tana sane da cewa ta kalli hagun kafin ta ɗauki biro.

Sai aka kira su ofishin Malam.

"Chizu," in ji Nodoka a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, "me ya sami hagun ranar? Hutu ya tafi?"

Chizuru ta tura ƙofa. Suka shiga.

Malam ya jera katunan a kan tebur. "Hannu ɗaya ne ya rubuta waɗannan. Wadda ta zo, ta kawo min takardar ban haƙuri. Wadda ba ta zo ba, sai baɗi za ta kammala. Wace ce ba ta zo ba?"

Abin da Chizuru ta so ke nan: Nodoka ta ƙara shekara a garin. Shiru kawai za ta yi. Ta saci kallon ƙawarta, ta ga fuskar ta yi fari fat.

"Ni ce ban zo ba, Malam," in ji Chizuru.

Ta jira Nodoka ta musa. Nodoka ta sunkuya ta ba Malam haƙuri, ba ta ƙara komai ba.

A watan Afrilu, da aka fara sabuwar shekarar karatu, Nodoka na can Tokyo, Chizuru ta shiga ɗakin cin abincin jami'a, cike da baƙin fuskoki. Ta daɗe tsaye da faranti a hannu, sannan ta ja kujera ta zauna.