Ƙuri'ar da Muka Kaɗa a Motar Umra

Mun tashi daga Kano ana kiran asuba, ni da 'yan unguwarmu masu zuwa Umra. Hutu na zo daga Ostareliya, inda nake aiki, sai na bi su. Makka ta karɓe mu da zafi da tsada, shayi ma sai ka yi tunani kafin ka ƙara kofi.

A cikinmu akwai wata dattijuwa da yayanta ke zaune a unguwar Mansur ta Makka tun tana budurwa, yanzu yana kwance ba lafiya. Ranar ƙarshe kaɗai muke da mota. Shugaban tawaga ya ce kasuwar Jidda za mu, magana ta ƙare. Dattijuwar ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci.

Na miƙe a cikin motar na ce sai an kaɗa ƙuri'a. Na gaya musu a Ostareliya firaminista ɗan majalisa ne, kuma ba sau ɗaya ba 'yan jam'iyyarsa sun taru sun sauke shi.

"Hajiya, nan ba Ostareliya ba ce," in ji shugaban.

"Motar ma ba taka ba ce, Alhaji."

A can zaɓe dole ne, don haka na tashi masu gyangyaɗi. Zaɓi uku ne: Jidda, ziyarar Arfa, ko Mansur. Jidda ta fi samun hannuwa amma ba ta kai rabi ba, Arfa ta zo ƙarshe. Alhaji har ya fara murmushi. Na ce tukuna, a can wanda ya zo ƙarshe fita yake, magoya bayansa su faɗi zaɓinsu na biyu. Masu son Arfa suka dubi dattijuwar, suka ɗaga wa Mansur hannu.

Mansur kuwa kamar gida: ƙamshin tsire, ƙananan shaguna, Hausa gauraye da Larabci ta ko'ina. Tsohon ba ya gani. Da ya ji sallamarta ya ɗago kai. "Ya Allah, ƙanwata ce? Ta'ali, matso nan." Sai na fita waje, don hawaye sun ci ƙarfina.

Mun dawo Kano babu tsarabar Jidda, kuma Alhaji ya rantse ba zai sake tafiya da ni ba. Ko a jikina. Na koyi cewa shugaba da yardar mutanensa yake zaune, ko a majalisa ko a mota. Ba mu gama kwance kaya ba aka bugo daga Mansur cewa tsohon ya rasu.