Ranar da Wanzami Ya Naɗe Zabirarsa

Ƙawayena na ajin yaƙi da jahilci, na san kun yi cigiyata. Wata guda ban leƙo ba, littafin da Ladi ta ara min ma yana nan ƙarƙashin matashina. Ku karanta takardar nan ku miƙa wa juna, don yau murna ta hana ni zama.

Ranar wata Talata komai ya sauya. Ina inuwa ina karatu, hankalina yana can wata ƙasa, sai ɗana na fari, Usman, mai shekara biyu, ya zo ya kwantar da kansa a ƙafata. Kamar an ɗora min garwashi.

Ya ƙi kunu. Jikinsa sai rawa.

Malam, maigidana, ya rufe shagon ɗinki, ya ɗauke mu a keke daga Unguwar Shanu zuwa ɗakin shan magani. Layi har waje. Malamin asibiti ya auna zafin, ya duba ido, ya leƙa maƙogwaro, ya ce, "Zazzaɓin cizon sauro ne. Ki raba ƙwayar nan yadda na nuna miki, ki murƙushe a cokali. A cire bargo, a riƙa goge shi da ruwa mai ɗan ɗumi. Ruwa kuwa ya yi ta sha."

Kwana biyu ina yi. Ya sha, ya amayar, in wanke, in sake ba shi. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Inna, mahaifiyar Malam, abin bai kwanta mata ba. "Yaro na rawar ɗari ki tuɓe shi? Beli ne. Wanda ya cire masa yana jariri ya bar saura."

Alhamis da hantsi, Malam yana kasuwa, sai ga wanzami. Ashe Inna ce ta aika. Ya zauna a tsakar gida, ya warware zabira, ya zaro ƙarfe.

Kun san kunyar ɗan fari. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa a gaban Inna ba, sai dai "yaron nan". Jinyar ma a ƙuryar ɗaki nake yin ta.

Ta miƙo hannu in ba ta shi. Na dubi ƙarfen, na dubi yaron da ya kwana biyu ba komai a cikinsa. Wane jini gare shi da zai zubar?

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. An leƙa maƙogwaron Usman, ba a ga komai ba. Ba za a yanka shi ba."

Ta riƙe haɓa. "Usman? Har da sunan? Lalle boko ya shigo gidan nan."

Wanzami ya murmusa, ya soma naɗe kayansa. "Iya, ni ba na sa ƙarfe ga yaron da uwarsa ta ƙanƙame. In ya warke a kira ni aski."

Inna ta juya ta shige ɗakinta. Wunin nan na san in abin ya ɓaci, a kaina zai ƙare.

Juma'a bayan azahar gumi ya karyo wa Usman, har zanena ya jiƙe. Ya buɗe ido ya ce, "Kunu."

Na zabura da gudu na yi tuntuɓe da tukunya! Inna ce ta dama masa da kanta, tana cewa, "Sha, angona. Ka tashi ka ga uwarka marar kunya."

Yanzu haka yana can yana korar kaji.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa Malam da malamin asibiti, da Inna ma, don ita ma ƙauna ce ta sa ta aika.

Shawarata, kada ku jira kwanaki, ku kai yaro a duba. Kada ku lulluɓe shi. Ku ƙarasa maganin ko da ya tashi yana wasa.

Gobe wanzami zai dawo. Aski kawai zai yi wa Usman, a tsakar gida, kuma ni zan riƙe shi a cinyata.