Yadda Kawu Gado Ya Rage wa Zuciyarsa Kaya

Wata Lahadi da hantsi, a bakin kasuwar Filinge, a gaban mahauta biyu da mai goro, Kawu Gado makanike ya ɗora bakin turnabis, wato sukudireba, a haƙarƙarin wani jaki, ya kara kunne a ƙotar, ya ce wa mai shi: "Jaki lahiya lau shike. Amalankenka ne ba shi da tausai."

Kun san turnabis ɗin nan. Da shi ya saurari famfunan ruwa daga Tabla har Bonkuku shekara da shekaru. Maganarsa ɗaya ce: "Kak ka hwaɗa min ƙarhin inji. Hwaɗa min abin da shika turawa."

Zamanin soja wani kwamanda ya kawo ƙaton inji sabo, ya ce a haɗa shi da siririn tiyon da ke rijiyar. Kawu ya ce injin ba zai ga damina ba.

"Kai ka fi waɗanda suka ƙera shi sani?"

"A'a, ranka shi daɗe. Na dai hi su sanin tiyon."

Kawu ya wuni a tsare. Injin ya ƙone kafin shuka.

Wannan taurin kai ne ya raba shi da Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Laifinta, ta kai injin niƙanta wurin wani makanike ɗan Abala. Shekara goma sha ɗaya bai yi mata magana ba! Ko tana tsaye a gabansa sai ya juyo gare ni: "Madam Rediyo, hwaɗa wa uwarki barka da salla." Da ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya fara yanke masa, abin da ya tsaya mini a rai shi ne kada ya tafi suna haka.

Na kai shi Yamai, inda nake aiki a gidan rediyo, wurin wata likitar zuciya. Ta ce ya yi tafiyar minti shida a baranda, ya je ya dawo, ta ga inda zai gaji.

"In tahi ina?"

"Ba ko'ina, Baba."

"Tahiya ba wurin zuwa? Ɗiyata, wanga aikin gwamnati ne."

Sai da na tsaya a ƙarshen barandar da goro a hannu sannan ya taka.

Da ta ɗora masa na'urar hoton zuciya a ƙirji, ta yi bayani. Ɓangaren dama na zuciya ne ke tura jini zuwa huhu. Jijiyoyin huhun sun tsuke, jini ya hau a cikinsu. Ta ce ba ƙarfin matsawar ɓangaren kaɗai take aunawa ba. Tana gwada shi da nauyin da yake turawa, ta ga ko sun yi daidai.

Kawu ya tashi zaune, rigarsa a wuya. "Allahu Akbar! Ashe da mai hankali cikin ƙasag ga! Ɗiyata, bar aikin nan, zo mu gyara pampo."

A zuwa na uku ta daɗe tana kallon allon. Ta yi mini magana da Faransanci, a hankali. Na gyara murya irin ta aiki, na ce: "Kawu, ta ce har yanzu zuciyar tana da ƙarfi."

"Ke! Wanga labarun ƙarhe takwas ne na zamanin soja. Ba ni na gaskiya."

Likitar ta faɗa masa da kanta. Zuciyar ta yi kauri, ta yi iyakar ƙoƙarinta, yanzu ta fara buɗewa. Nauyin ya fi ƙarfinta.

"Tiyon ba shi buɗuwa?"

"Magani zai sassauta shi kaɗan."

"To sai a rage kaya," in ji shi, ya sa hularsa.

A Filinge ya bi abin dalla-dalla. Ya bar gishiri. Ya bar hawa tankin ruwa. Ya bar gardamar siyasa, wadda ta fi gishirin yi masa wuya. Sannan wata safiya ya ce in raka shi. Sau huɗu muka huta kafin mu kai ƙofar Inna. Tana bakin injin niƙa, gari har gira.

"Hadiza," ya ce, "ban yahe miki ba, ki sani. Hushin ne ya yi wa inji nauyi, na aje shi."

"Ka aje shi ƙohwata? To zamna, kak ka hwaɗi a kaina."

Ta dama masa fura. Yana sha yana karkata kunne wajen injin.

"Ɗan Abalan nan ya ɗaure bel da yawa."

"Shekara goma sha ɗaya shina niƙa lahiya lau."

"Shina wahala a ɓoye."

Inna ta dubi ƙafafunsa. Da yamma ta aika aka kwaso tabarmarsa da butarsa.

Allah Ya jiƙan Kawu Gado. Allah Ya sauke masa duk abin da ya ɗauka, Ya yalwata masa makwanci.

Ya rasu bayan girbin gero, a ɗakin Inna. Bayan sadakar arba'in ta sa aka sassauta bel ɗin.