Fukar Yayana a Bakin Radiyo

Har yau in na ji ana yabon radiyon gidan likitan ƙauyenmu sai raina ya ɓaci. Ni na san abin da ya yi mana.

Gidan likitan, can ƙasar Tama, ɗaki biyu ne da rumfa. Cikin shekarun casa'in aka kawo wani akwati mai batir, aka kafa masa dogon ƙarfe bisa rufi. Kowace Talata da hantsi majoro, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, yakan kira likitan asibitin mishan ya faɗa masa halin masu tsohon ciwo. Likita ya ce a ƙara magani, ko a rage, ko a ajiye wa mutum wuri a motarsu da ke zagayowa wata-wata. Wurin nan muke nema wa yayana.

Fuka gare shi tun yana saurayi, amma kakar shekarar ta fi kowace muni. Da mata sun fara sussuka ƙaiƙayin gero ya tashi, sai ƙirjinsa ya hau kuka kamar an matse ɗan akuya. Mutumin da ke noma tun safe har la'asar ya koma daga ɗaki zuwa rumbu sai ya tsaya ya dafa katanga.

Na goyo shi bisa jaki. To, Talatar kasuwa ce, taga kuma a buɗe, mutane sun cika ta suna kallon akwati mai magana. Ga surukinsa, uban matarsa, ya ji labari ya zo ya zauna bisa benci da sandarsa. Muryar ma ba nan ta tsaya ba, duk mai irin akwatin har Keita yana ji.

Likita ya tambaya da Faransanci, majoro ya juya da Hausa. Yaya jiki? Yayana ya gyara zama, ya haɗiye haki, ya dubi ƙasa.

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

Yana kwana lafiya? Ya ce yana taɓawa. Yana aiki? Ya ce ba a rasa ba. Mutumin da ya yi sati yana barci a zaune! Amma me zai ce? Wane magidanci ne a Adar zai buɗe baki gaban surukinsa da rabin kasuwa ya ce ya kasa ciyar da ƴar mutane? A wurinmu ko mai shure-shuren mutuwa ka tambaya, da sauƙi zai ce. Yaro ma ya sani.

Majoro ya sani, ɗan ƙasar nan ne. Yana ganin jijiyoyin wuyan yayana a tashe, leɓensa ya yi shuɗi. Amma ya danna abin magana ya ce wa likita jiki ya yi kyau. Lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi aka kore ni, amma wannan Faransancin na gane shi.

Na ce ƙarya ne. Majoro ya ɗaga yatsa daga abin magana, maganata ba ta wuce ɗakin ba. Ya ce shi abin da majinyaci ya faɗa yake kaiwa, batir kuma bai da yawa. Surukin ya buga sanda ya ce tun yaushe ƙane ke ƙaryata wansa cikin mutane. Yayana da kansa ya riƙe mini riga.

“Ƙanena, rufa mini asiri.”

Likita ya ji daɗi, ya ce a rage ƙwaya. Wurin mota aka ba wani mutumin wajen Galma, wanda muka ji shi cikin akwatin yana kururuwa kamar ana yanka shi. Aka yi masa dariya a taga. Shi ya tafi, mu masu kunya muka hau jakinmu.

Kafin wata ya mutu sai a amalanke muka kai yayana bakin hanya, muka jira kamiyo, babbar motar kaya, har rana ta karkata. A asibiti wata ma'aikaciya Kirista ta tarbe shi da gudu, ta sa masa abin iska a hanci. Likitan ya zo, ya aza kunne a bayansa, ya juyo yana yi mini faɗa, wai me ya hana mu faɗa tun a radiyo. Ni yake wa faɗa.

Ya rayu, amma an ce huhun ya riga ya gaji. Bai sake ɗaga hauya ba, ni na noma gonarsa har yaransa suka tasa. Surukin da aka yi wa kunyar ko dami ɗaya bai aiko ba.

Ran da za a sallame mu likitan ya tsaya bakin gado, ya gwada ƴar Hausarsa, ya tambaye shi jiki. Yayana ya janye abin iskan, ya ja numfashi da kyar.

“Da sauƙi,” in ji shi.