Dokta Nevena Mai Zazzage Jakar Mata

Ƙarfe bakwai na safe Dokta Nevena Stoicheva take buɗe ɗan asibitin garinmu da ke gindin duwatsun Rodopi, ta ɗora kofi a wuta, ta kira mace ta farko. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka, Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Duk wadda ta shiga ta san dokarta: "Zazzage jakarki a teburin nan, in ga duk abin da kike sha."

Dillalan kamfanonin magani kam sun sha wuya a hannunta. Wani ya kawo mata gayyatar taron likitoci a otal ɗin bakin teku, ci da kwana kyauta, in dai za ta riƙa rubuta ƙwayarsu.

"Ɗana, ruwan teku ba ya shiri da gwiwata," in ji ta. "Kwashe kayanka, har biron tallan da ka ajiye mini."

A tambayi Ralitsa mai ɗinki. Bayan ta yaye 'yarta sai wani irin baƙin ciki ya danne ta, ko ɗaukar yarinyar ba ta iya yi. Likitan birni ya rubuta mata maganin ciwon damuwa cikin minti biyar, da bai yi ba ya ƙara wani. Mijinta har ya tsai da shawarar kai yarinyar wurin uwarsa a birnin Plovdiv ta riƙe ta.

Da Ralitsa ta zo wurin Dokta Nevena, sai ta zazzage jaka. Dokta ta ɗaga wani ɗan katin ƙwaya.

"Wannan ta tsarin iyali, yaushe kika fara sha?"

"Watan Maris, Anti."

"Baƙin cikin fa, yaushe ya fara?"

Ralitsa ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Afrilu. Ba wanda ya taɓa tambayata."

"Ƙwayar nan ta yi wa mata da yawa rana, ke ce dai ba ta karɓe ki ba. Za mu sake hanya. Na damuwar kuwa kar ki kuskura ki daina da kanki, a hankali za mu bi shi."

Ta kira mijin ta ce ya ba ta wata uku. Ya ba ta.

Ke ce, Dokta, mai kunne kafin alƙalami. Muna alfahari da ke, mun gode ƙwarai. Ku kuma sabbin likitoci, ku koyi tambaya kafin ku rubuta. 'Yar Ralitsa ba ta je Plovdiv ba. Bana ta shiga aji ɗaya, kuma uwarta ce ta riƙe hannunta har ƙofar makaranta.