Magajiyar Aldabe da Kawunta

Ekaitz Olabarria bai taɓa shanye kofi a zaune ba. Ko a taron kamfani, za ka same shi tsaye jikin taga, ƙafa ɗaya na rawa. Shekararsa hamsin da huɗu, gida uku ya sauya a birnin Donostia, kowanne kuma sai da ya tabbatar tagarsa teku take kallo, ba duwatsu ba.

Can cikin duwatsun nan Aldabe yake, gidan gonar da aka haife shi. A wajensu gida ba ya rabuwa: uba ya zaɓi ɗa guda ya damƙa masa komai, sauran su nemi nasu. Ekaitz ne babba. Amma da mahaifinsu ya tashi zaɓe, ƙanwarsa Arantxa ya nuna.

"Ita ke da zama," in ji tsohon. "Kai ko tatsar tunkiya ɗaya ba ka iya ƙarasawa."

Ya sauka garin Eibar da jaka ɗaya. Ya koyi injin yankan ƙarfe, ya gaji da tsayuwa gabansa, sai ya rubuta manhajar da ke faɗin ranar da haƙorin injin zai karye. Ya kafa kamfani a kanta, Jamusawa suka saye shi kafin ya cika arba'in. Daga nan ya koma zuba jari a kamfanonin matasa: ya shiga, ya hura musu wuta, ya sayar, ya fice. Ana cewa yana da ido.

Wata Talata sai ga Garazi, 'yar Arantxa, wadda kowa ya san ita za ta gaji Aldabe. Ta ajiye masa abin wuyan tunkiya a kan tebur, yana warin garke. Ita da ƙawarta suka ƙera shi. Yana gaya wa makiyayi ta waya inda tumakinsa suke, da wadda ta fara ɗingishi.

"Kawu, ba alfarma nake nema ba. Ka duba shi kamar na baƙo."

Ya duba, ya ga abu ne mai kyau. Ya amince zai sa jari, bisa sharaɗi ɗaya: kamfanin ya koma Berlin shekara biyar, Garazi ta bi shi. Ya gaya wa kansa can manyan masu jari suke. Abin da bai tambayi kansa ba shi ne me ya sa, yana buga wannan layi, madafar Aldabe yake gani, babu kowa a ciki sai shi.

Ranar Asabar ya hau Aldabe da takardun. Arantxa ta dafa jan wake. Ta karanta a tsaye, da ludayi a hannu, har ta kai layin.

"Berlin," ta ce. "Yaya, tumaki nawa ne a Berlin?"

"Ba tumaki ake nema can ba, mutane ake nema."

"Ni dai na ga abin na wuyan tumaki ne. Ko mutanen za a ɗaura wa?"

Garazi ta ƙyalƙyale da dariya. Ekaitz ya miƙe, ya je bakin murhu, ya dawo.

"Ke ba ki san harkar nan ba."

"Ban sani ba. Kai na sani." Arantxa ta zuba masa wake, ta tura kwanon. "Gwiwoyina sun ƙare, ka gani da idonka. In yarinyar nan ta tafi shekara biyar, gidan ya rasa mai riƙe shi, sai a waiwayi babban ɗa. To, ba sai ka kori kowa ba. Kana so? Ɗauka yau. Tunkiya ɗari biyu, tatsa sau biyu kullum, juya cuku, kasuwar Ordizia duk Laraba. Ka ce e, mu sauka gari mu sauya takardun."

Ya buɗe baki. Shekara talatin yana jiran wani a gidan nan ya ce masa ɗauka. Ga shi an faɗa, kuma abin da ya fara zuwa ransa shi ne kalmar kullum. Ashe ba gidan yake so ba; so yake a ce an yi kuskure da ba a ba shi ba, mahaifin da zai faɗi haka kuwa ya daɗe a kabari.

"Kawu," Garazi ta ce a hankali, "ga biro."

Ya ja layi a kan Berlin, har takardar ta huje. Garazi ta sa hannu.

"To tunda kana nan," in ji Arantxa, "zo ka kama mana mu hau da garken sama."

"Ina da taro a Bilbao."

Asabar ce. Babu wanda ya tuna masa.