Farin da Na Rufe da Kwalli

Ni na haɗa auren ɗana da ɗiyar ƙanena, kuma suna son juna. Uwarta ta rasu, don haka da ta haihu, shekara uku bayan samun 'yancin kai, ana tsakiyar cirar auduga, ni na yi mata jego.

A gidanmu tsohuwa ke fara sa wa jariri kwalli. Na buɗe idon jaririyar, sai ga fari a tsakiyar baƙin, kamar tsakin shinkafa. Na san shi. Da shi aka haifi wata ƙanwata da ta rasu tun kafin a haifi ƙanena. Duk duniya ni kaɗai na rage da na san ta.

Na cika kwalli, na ja zane na rufe. 'Yar fari ce, uwar tana kunyarta, ko nono za ta ba ta sai ta kau da kai. Ranar suna na hana a fito da ita, na ce sanyi. In na yi magana, za a ce jinin gidan ubana ne, ni kuma na haɗa shi da kansa.

Sai da yarinyar ta fara tafiya tana karo da turmi, sannan muka hau jirgin ƙasa daga Funtuwa zuwa asibitin ido. Likita ya ce yanar ido ce, an makara, da tun tana jaririya ne. Ya ce ko gado, ko cutar ƙuraje da ta kama uwa tana da ciki.

"Akwai mai irin wannan a dangi?"

Ɗana ya dube ni. Na ce, "Babu."

Matarsa ta fashe da kuka. "Ni ce, Gwaggo. Kin hana ni zuwa dubiya gidan masu ƙyanda, na je."

Na ce, "To, kin gani."

Da ta sake samun ciki, wata tara ko zaure ba ta leƙa ba. Ranar da ta sauka, ita ta miƙo min tandun kwalli. Na kai yaron bakin ƙofa, wajen haske. Na buɗe idonsa, sai ga farin nan.

"Gwaggo, wannan karon ban je gidan kowa ba."

Na sa masa kwallin. Ban cika ba. Na ce a kira ɗana, ya tambayo ranar jirgi. Zancen ƙanwata kuwa, na bar shi a cikina.